Ƙyallen Rabi Ya Je Malesiya

Tun da na dawo daga Malesiya ban huta da tambaya ba. Wadda ta kawo ɗinki sai ta tambaya, wadda ta zo karɓa sai ta tambaya, har wadda ta leƙo aron allura sai ta ja kujera ta ce, "To Anti Ladi, ya ƙasar take?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kullum rabin labarin nake bayarwa: dogayen gine-gine, ruwan sama, shinkafa da sassafe. Yau dai zan rubuta shi gaba ɗaya, in an sake tambayata in ce a je a karanta. Sunayen mutane na canza su. Wadda abin ya fi shafa ita ta ce in rubuta, tunda abin da ake ɓoyewa ya riga ya fita.

Ni tela ce, shekara ashirin da wani abu ina kan keke a nan Kano. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ummi ce, 'yar yayana, wadda ke digiri na biyu a fannin zanen tufafi a Kuala Lumpur. Wata rana muna waya na yi suɓul da baka na ce mata, ni in mace ta ce in ƙara mata tsawon hannun riga ana tsakiyar zafi, ba na tambayar dalili, don tef ɗin awo ya riga ya gaya min. Mu teloli muna ganin abin da ko uwar mace ba ta gani ba: shatin bel a gadon baya, kumburi a damtse, haƙarƙarin da in tef ya taɓa sai mace ta ɗauke numfashi. Sai Ummi ta ce, "Gwaggo, kin ba ni aikin kammala karatuna."

Doguwar riga guda ta tsara, ba da sabon yadi ba, da ƙyallayen kayan matan da ake duka. Kowace ta yanko daga kayanta, a ɗinka ƙyallen a daidai wurin da aka fi dukanta, a bi ta kansa da jan zare. Ni ce mai tarawa, ni ce mai ɗinkawa. Wata biyar na yi ina raɗa da kwastomomina kafin na haɗa ƙyalle talatin da ɗaya, kuma kowace sai da na rantse mata ba mai jin sunanta.

A cikinsu akwai Rabi, wadda shekara shida nake mata ɗinki ban taɓa yi mata gajeren hannu ba. Ta kawo wata shadda rinin shuni daga cikin kayan lefenta, wadda uwar mijinta ta ɗaure da hannunta kafin a kai marina. Ƙananan ƙulli ne kamar ƙwayar gero, suna zagayawa da'ira cikin da'ira. Ta miƙo, ta sake janyewa, ta ce, "Anti, in Baban Amira ya ji, wallahi sai dai a ɗauki gawata." Na ce, "Haba Rabi, Malesiya fa za a kai. Wa ya san ki a can? Mutanen ko Hausa ba sa ji." Ta sakar min.

A damtse ya kamata ƙyallenta ya zauna, ta baya, inda ba kowa zai lura ba. Amma da na baje ƙyallayen a tabarma, nata ya kashe sauran da kyau. Duk tela ta san inda ake kai yadin da ya fi kyau. Na kai shi ƙirji, na yi ta kallonsa ina jin daɗin kaina.

Makarantar su Ummi ta aiko da takardar gayyata, wai suna son ganin telar. Ni ma dama na ce ba zan ba wa kowa amanar mata talatin da ɗaya ya jefa a cikin kaya ba. Haka tafiya ta kama ni.

A filin jirgin Kano aka fara raba ni da almakashina, wanda na gada daga matar da ta koya min ɗinki. A jakar hannu na sa shi don kada ya ɓata. Ma'aikacin ya ɗaga shi sama kamar ya kama takobi. Gaskiyarsa ce, doka ce, ni ce ban tambaya ba, amma har muka sauka Addis ina ƙunci. A can muka yi zaman jira a kan kujerun ƙarfe masu sanyin tsiya. Wata 'yar kasuwa Bazindiriya da za ta China saro kaya ta dube ni ta ce, "Hajiya, farkon fitarki ke nan ko? Ɗora ƙafarki a kan jaka, in ba haka ba gobe ba za ki gane ta ba." Ban ji maganarta ba, don rigar tana cikin jakar, ba zan taka ta ba. Da muka isa, ƙafafuna sun kumbura sun ƙi shiga takalmi. Da silifas ɗin alwala na shiga ƙasar Malesiya.

Turancina na awo ne: inci, kala, ranar karɓa. A wurin duba fasfo, duk abin da aka tambaye ni sai in miƙa takardar gayyata, har mutumin ya gaji ya buga min hatimi. Wajen binciken kaya kuwa daddawar da na ƙullo wa Ummi ce ta tona min asiri. Wata ma'aikaciya, 'yar siririya da ɗan ƙaramin hijabi, ta buɗe jakar, ta kau da kai saboda wari, sannan ta zaro rigar. Ta ɗaga ta, ta dube ni, alamar mene ne wannan tsumma. Turancina bai kai nan ba. Sai na taɓa ƙyalle ɗaya, na dunƙule hannu na doki damtsena, na nuna jan zaren. Na taɓa wani, na doki haƙarƙarina. Ta daɗe tana kallon rigar. Da kanta ta ninke ta, ninki mai kyau irin na wadda ta san kaya, ta mayar, ta zuge jakar. Daddawar ma ba ta sake bi ta kanta ba.

Ummi na zaune ne kusa da wani titi mai suna Jalan Semarak, ita da wasu ɗalibai biyu, a hawa na goma sha bakwai. Ni da ko benen gidan yayana ba na son kwana! Kwana goma sha biyu na yi ban leƙa tagar nan ba. Zafin garin ba irin namu ba ne, gumi ne da ba ya bushewa, ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba. Kullum bayan la'asar sai hadari ya haɗo, a yi tsawa kamar za a tsaga ginin, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Abin da ya fi ba ni takaici, ba mai fitar da ko bokiti ɗaya ya tara.

Abinci kuwa mun sha rigima. Da safe shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwa, da ƙananan kifi, da gyaɗa, da wani jan yaji da na ɗebo da yawa ina murna, ashe sukari ne a ciki. Sukari a miya, jama'a! Ummi na dariya tana cewa, "Gwaggo makan lah, ki ci kawai, za ki saba." Ban saba ba. Wuri ɗaya na ji kamar gida, shagon abincin Indiyawa Musulmi da suke kira mamak, inda mai shayi ke ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayin cikin wani, sak mai shayin bakin layinmu.

Suna da abubuwansu. Ba a nuna mutum ko hanya da manuniya, sai da babban yatsa, ni kuwa kullum sai Ummi ta kama min hannu. Mata na tuƙa babur, sun juya rigar sanyi gaba ta koma baya. A masallaci akwai fararen hijabai a rataye, kowace ta ɗauka ta yi salla ta mayar. A wani jirgin ƙasa har tarago aka ware na mata zalla. Na zauna na miƙe kumburarrun ƙafafuna na ce, "Kai, matan nan sun huta." Ummi ta ce, "Gwaggo, in sun huta me ya sa aka ware musu tarago?"

Muka je Jalan Masjid India neman jan zare, don wasu wurare sun saki a hanya, da kuma sabon almakashi. Layi ne na 'yan yadi, shago na bin shago. Su da mita suke awo, mita huɗu kayan mace, na ce wa mai shagon a garinmu yadi shida ne, ya zaro ido ya ce duk mace ɗaya? Daga nan muka bi ta kasuwar Chow Kit sayen kuɓewa, don na rantse sai na ci tuwo. Ina cikin zaɓe na ji a bayana ana cewa, "Ke dai bari, ai jiya na kira ta ba ta ɗauka ba." Hausa tsantsa, ta Kano. Na juya muka gaisa ina ta murna. Tun a nan ya kamata gabana ya faɗi, amma kuɓewa ce a raina.

Ranar buɗe nunin, ƙarfe uku na rana, a wani zaure na makarantar. Ɗalibai da yawa sun kawo nasu. Wata 'yar Malesiya ta yi gyale mai furanni, sai ka matso ka ga ashe furannin shatin yatsu ne. A nan na gane abin da Ummi ke nufi a jirgin ƙasa. Tamu rigar an sa wa mutum-mutumi a tsakiya, da kati a gefe mai bayanin ma'anarta. Ba yabon kai ba, ta tsaya. Shunin nan na ƙirji tun daga bakin ƙofa yake kiran ido.

Mutanenmu sun zo, tunda 'yar gida ce: ɗalibai maza da huluna, matansu, da yaran da in ka yi musu Hausa su amsa da Turanci. Wani dogo mai digiri na uku ya karanta katin, ya gyara tabarau ya ce min, "Hajiya, aiki ya yi kyau, babu shakka. Amma sai an zo ƙasar mutane za a tona mana asiri?" Na ce, "Malam, ai ba sunan kowa a jiki."

Ban rufe baki ba na ji guɗa. Wata matashiya ce da goyo, shigowarta ke nan, ba ta ji jawabin Ummi ba, ba ta kalli kati ba. Maman Afnan suke kiranta, mijinta na karatu a can. Ta nufi rigar kai tsaye tana cewa, "Laa! Ɗaurin Hajiyarmu! Wallahi shi ne!" Kafin in motsa ta ɗaga waya ta ɗauki hoto, ta hau latse-latse. "Na tura gurup ɗin gidanmu. Hajiya za ta yi murna, aikinta har Malesiya!"

Na ce, "Ƙanwata, rini ai yana kama da rini."

"A'a Anti, kin ga nan? Kowace da'ira sai ta bar ƙulli ɗaya ba ta ɗaure ba, ƙofa take ce masa. Irin wannan biyu kacal ta yi, nawa yana cikin akwatina, ɗayan a lefen Yaya Sani. A ina kuka samu?"

Ta dube ni, ta dubi Ummi, sannan idonta ya sauka a kan katin. Ina tsaye ina kallon leɓenta yana motsi tana karantawa. Wallahi ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Na haye teku da amanar yarinya, na zo na kafa ta a gaban ƙanwar mijinta.

Ta goge hoton da sauri, amma an riga an gani. Hajiya har ta turo saƙon murya tana sa albarka, tana tambayar wace mai arzikin ce ta kai aikinta waje. Shi Sanin bai buɗe ba tukuna, amma a zauren nan kowa ɗaukar hoto yake yana ɗorawa tare da bayani, kuma rabinsu 'yan Kano ne. Kafin yamma wani zai haɗa biyu da biyu. Maman Afnan ta jingina da bango tana hawaye ta ce, "Na sani fa, Anti. Shekara biyu na zauna a gidansu kafin a yi min aure. In an fara sai in ƙara ƙarar talabijin." A lokacin ban ji tausayinta ba, ban ma da wurin sa shi.

Na zaro sabon almakashin daga jaka na nufi rigar. Ummi ta sha gabana. "Gwaggo, don Allah, gobe malamai za su duba." Na ce ba ruwana da makinta, ran mutum ake magana. Ta ce, "To ki tambayi mai ƙyallen. Tun farko ma ba ki tambaye ta ba kika kai shi gaba." Maganar ta yi min zafi, don gaskiya ce.

Na fita baranda. Hadarin la'asar ya fara haɗowa, a Kano kuwa tara na safe ba ta yi ba, na san maigidan ya fita kasuwa. Na kira Rabi na gaya mata komai, ban rage laifina ba. Na ce ta ɗauki yara ta tafi gidansu yanzu-yanzu.

"Anti, a ina kika sa ƙyallen?"

"A gaba, Rabi. A ƙirji. Ki yafe min."

"Ya yi kyau?"

Na ce ya fi kowanne kyau. Na ce almakashi na hannuna, yanzu zan farke shi.

Ta ce, "In kin farke, hoton zai farke ne? Bar shi. Na gaji, Anti. Shekara shida ina rufewa, na gaji." Na ji kukan yaro, ta ce bari ta duba shi, ta kashe.

Daga nan wayarta ba ta sake shiga ba. Kwana biyu. Maman Afnan ta ce a ranar ta kira Hajiya ta faɗa mata gaskiya da bakinta, kafin wani ya kai wa yayanta, Hajiya ta kashe waya, kuma ta daina ɗauka. Ummi ta ja ni ganin tagwayen benayen nan da kowa ke hoto a gabansu, wai in sami abin nunawa a gida. Masu tambayata yadda suke, ku yi haƙuri, ban san su ba. Wayata nake kallo. Hoton da aka ɗauke ni a wurin, kamar an fito da ni daga asibiti.

A rana ta uku Maman Afnan ta hawo har hawa na sha bakwai, tana haki, ta zauna a ƙasa ko gaisuwa ba mu gama ba. Ashe Hajiya na ajiye waya ta sa hijabi ta tari adaidaita sahu. Ta shiga gidan ɗanta, ta kama hannun Rabi ta naɗe hannun rigar har kafaɗa, ta gani da idonta. Ta ce ta ɗauko yara. Gidanta ta kai su, ba gidan su Rabi ba, wayar Rabi kuma aka baro ta a caji. Sani ya zo yana huci, Hajiya ta tsaya a zaure ta ce in ya isa ya wuce ta. Ita kuwa Maman Afnan ya aiko mata cewa ba shi ba ita. Na yi hamdala, na tashi na tuƙa mana tuwo, a ranar na fara cin abinci da ɗanɗano a ƙasar.

Ummi ta ci jarrabawarta. Rigar tana can, makarantar ta roƙi a bar musu. Dawowa ba abin faɗa, sai dai wannan karon na ɗora ƙafata a kan jaka, almakashin kuma na sa shi cikin babban akwati.

Kwana huɗu da dawowata ina kan keke aka yi sallama. Wata dattijuwa ce, kan yatsunta duk sun yi kanta saboda ɗaurin zare, Rabi na bayanta. Ban taɓa ganinta ba amma na san ko wace ce. Na sauka na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"Ke ce kika kai ɗana duniya."

Na ce, "Ni ce, Hajiya. Ku gafarce ni."

"Wurin da kika sa jan zaren, nan ne wurin?"

"A'a, a damtse ne, ta baya. Kyan ɗaurinku ne ya sa na kai shi gaba."

Ta ce, "Kwana tara na yi ina ɗaure shaddar nan, ina yi musu addu'a a kan kowane ƙulli." Ba ta ce ta yafe min ba, har yau kuma ba ta ce ba. Sai ta zaro sabuwar atamfa daga leda ta ajiye a kan tebur ta ce, "Auna ta."

Rabi ta cire hijabi ta ɗaga hannuwa. Ta rame, amma tef ya zagaya haƙarƙarinta ba ta ɗauke numfashi ba. Na rubuta kafaɗa, na rubuta ƙirji, na zo wurin da shekara shida ban tambaya ba.

"Hannun fa?"

Hajiya ta kau da kai. Rabi ta ce a hankali, "Dogo dai, Anti. Ranar Lahadi dattawa za su zauna. Kawuna ya ce in ya ba da haƙuri komawa zan yi."

Na yanka dogo, kamar yadda ta ce. Amma daga gwiwar hannu zuwa ƙasa haɗi na yi, da ɗinkin wucin gadi, wanda in ka ja zare ɗaya zai warware. Na bar bakin zaren ta ciki, na nuna mata inda yake. Lahadin jibi ce.